Kilit na Gado ko na Zamani: Wanne Za a Sa a Tafi Aiki?

Wasu shekaru da suka wuce na halarci wani taron masana harshe a birnin Edinbara na ƙasar Sukotlan. A ranar farko, wanda aka ɗora wa alhakin karɓar baƙi, wani malamin jami'a sa'ana mai nazarin harshen Galik, ya tarye mu sanye da irin zanen nan da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, wanda bakin Bahaushe zai fi jin daɗin kiransa kilit. Nasa baƙi ne na auduga, da manyan aljifai biyu a gefe, waya a ɗaya, makullai a ɗayan. A daren rufe taro kuwa sai ga shi da wani daban: na ulu mai kauri, mai ratsi-ratsi kore da shuɗi, ga zabirar fata tana reto a gaba, ga 'yar wuƙa soke a safa. Wani dattijon farfesa da muke tebur ɗaya ya dube shi ya ce sai yanzu ya sa kilit, wancan na ranar farko siket ne kawai na makanikai. Gardamar da ta biyo baya ta kai mu har aka kwashe kwanuka, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau.

Na san mai karatu zai iya yin murmushi da jin namiji da zane. To, a tuna cewa mazan Yaman da na Indunusiya da na yankin Neja-Delta duk suna ɗaura zane, ba wanda ya ce sun rage mazantaka. Tambayar da ke gaban mutumin Sukotlan ita ce: idan yana son sa tufar kakanninsa ranar Talata, ba ranar biki ba, wanne zai ɗauka, na gado ko na zamani?

Bari mu fara da abin da ake kira na gado. Ana ɗinka shi da yadi takwas na ulu mai ratsi masu gilma juna, wanda suke kira tatan. Gabansa shafe yake, ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya, bayansa kuma tattara ce fiye da ashirin, kowace an ɗinke ta da hannu daga ƙugu zuwa ɗuwawu, an daidaita ta yadda ratsin ba zai karkace ba. Nauyinsa kan kai kusan kilo biyu, kuɗinsa kan kai ɗaruruwan fam, ba a jefa shi cikin injin wanki, kuma ba shi da aljihu ko ɗaya, shi ya sa ake rataya masa zabirar da suke kira siforan. Amma yana da tagomashi: idan mai shi na tafiya, tattarar kan yi lilo a bayansa, kuma idan an kula da shi, ɗa kan gaje shi daga uba.

Na zamani kuwa kashi-kashi ne. A ƙarshen shekarun 1990 Howie Nicholsby, wanda ya tashi a gidan masu ɗinkin kilit a Edinbara, ya fara yin sa da fata da yadin jins da yadin kwat, ya kuma saka masa aljihu. A shekarar 2000 Steven Villegas ya kafa kamfanin Utilikilts a birnin Siyatil na Amurka, yana ɗinka na auduga mai ƙarfi da maɓallai da aljifan zuba kayan aiki, domin kafinta da mai walda. Akwai kuma na tsaka-tsaki, mai ratsin tatan amma yadi biyar, na zaren roba mara nauyi, irin wanda magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙasar ke yawan sawa. Yawancin waɗannan sun fi araha, sun fi sauƙin wanki, kuma mutum zai iya zama da su cikin mota ko kan kujerar ofis ba tare da fargabar lalata tattara ba.

Hujjar dattijon ita ce gado. A nan ne fa tarihi ya ƙi ba shi goyon baya yadda yake so. Asalin tufar mutanen tsaunukan arewacin Sukotlan, tun wajen ƙarshen ƙarni na 16, wani makeken mayafi ne na ulu da mutum zai tattara shi ya ɗaure da ɗamara a ƙugu, ya yafa ragowar a kafaɗa, da dare kuma ya lulluɓa da shi. Gajeren da muke gani a yau ya bayyana ne a farkon ƙarni na 18. Akwai riwayar da ke cewa wani Bature ɗan Ingila, Thomas Rawlinson, mai masana'antar narka ƙarfe a yankin a shekarun 1720, shi ne ya sa aka yanke rabin sama domin ya daina sarƙe ma'aikatansa. Masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya yayata wannan riwaya a 1983, wasu masana kuma sun musanta ta, suna cewa mutanen yankin sun riga shi. Ko ma wane ne ya fara, dalilin ɗaya ne: an rage tufar domin ta dace da aiki. Wato abin da dattijon ke kira na gado, shi ma na makanikan zamaninsa ne.

Sauran labarin ma haka yake. Bayan yaƙin Culloden a 1746, majalisar Birtaniya ta haramta wa mazan yankin sa wannan tufa, ban da sojojin sarki. Laifin farko ɗaurin wata shida, na biyu kora zuwa ƙasashen ƙetare na shekara bakwai. Ba a soke dokar ba sai 1782. A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, marubuci Walter Scott ya shirya bukukuwan tarbarsa, sarkin da kansa ya fito da kilit, daga nan tufar 'yan tawaye ta koma ta manyan gari. Ra'ayin cewa kowace zuriya tana da nata ratsin tun fil azal shi ma a ƙarni na 19 ya kafu, kuma wani littafi da wasu 'yan'uwa biyu suka fitar a 1842, wanda daga baya aka tabbatar na jabu ne, ya taimaka wajen yaɗa shi. Hatta sunan bai fito daga Galik ba: kalmar ta samo asali ne daga harsunan Sikandinebiya, da ma'anar tattare tufa a jiki.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda makomar tufar ta yi kama da ta harshen masu ita. Ƙidayar 2011 ta nuna masu iya magana da Galik a Sukotlan ba su kai dubu 60 ba, cikin mutane sama da miliyan biyar. Mun sani a fagenmu cewa harshe ba ya mutuwa dare ɗaya. Yakan fara janyewa daga kasuwa, sannan daga wurin aiki, sannan daga tsakar gida, har ya rage sai a waƙa da gaisuwar biki. Masu tsananin kishinsa, waɗanda ke tsawata wa yaro don ya aro kalma, su ne sau da yawa ke sa yaron ya yi shiru ya koma wa wani harshen. Tufa ma haka take. Yawancin mazan Sukotlan a yau sai ɗaurin aure ko yaye ɗalibai ko wasan ƙwallo suke sa kilit, da yawansu ma haya suke ɗaukowa su mayar washegari. Wanda ya sa na auduga ya shiga aji da shi ya dawo da tufar kasuwa ke nan, ko da ya aro mata aljihu.

Sai dai ban raina damuwar dattijon ba, domin ruwa ba ya tsami banza. A 2021 ƙungiyar Heritage Crafts ta Birtaniya ta sanya ɗinkin kilit na hannu cikin sana'o'in da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Shagunan 'yan yawon buɗe ido cike suke da masu araha da ake ɗinkowa a ƙasashen waje, da yawa daga birnin Sialkot na Pakistan. Idan kowa ya koma wa na roba, wata rana za a nemi mai iya jera tattarar yadi takwas da allura a rasa, kuma abin da hannu ya manta littafi ba ya dawo da shi.

Saboda haka, da za a nemi shawarata, zan ce abokin nawa ne ya fahimci al'amarin. Mai neman tufar yau da kullum ya dubi aikinsa da yanayin garinsa da aljihunsa. Mai aikin ƙarfi ko mai zama a ƙasa mai zafi ya ɗauki na auduga. Ma'aikacin ofis da ke son ratsin gidansu ya nemi na ulu mara nauyi mai yadi biyar. Amma duk wanda Allah Ya hore wa, ya yi ƙoƙari sau ɗaya a rayuwarsa ya kai awonsa wurin ma'ɗinki na gaske a yi masa mai yadi takwas, domin kuɗin nan ne ke riƙe da sana'ar. Na zamani shi ke sa ido ya saba da tufar, na gado kuma shi ke ajiye ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi.

Ina rubuta wannan ne sanye da kaftani mai aljihun waya, babbar rigata mai aska takwas tana ninke a akwati tun ɗaurin auren ƙanena. Wanda ya yi mata aikin hannu ya tsufa, kuma da na tambaye shi ya ce babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya zauna ya koya. Na yi niyyar kai masa wani yadin kafin ƙarshen wata, in Allah Ya yarda.