Yadda Za Mu Rubuta Labarin Amfanin Gonarmu Don Masu Saye Su Same Mu a Intanet

'Yan'uwa, kowace kaka mukan sha wahala iri ɗaya. Mun noma masara, dawa da waken soya, mata sun yi man kaɗanya, masu amya sun ɗebo zuma, amma mai saye ɗaya ne yake zuwa ƙauye, kuma shi ne yake yanka farashi. Shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro sun ƙara tsananta wannan hali. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, fatake kuma suka fara dawowa.

Sai dai fatauci ya canza. Mai kiwon kaji a Kaduna ko ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano yakan duba wayarsa kafin ya hau mota. Idan ya rubuta "Birnin Gwari" a Google, yawancin abin da zai gani labarin hare-hare ne. Ba zai ga masararmu ba, domin ba mu rubuta kome a kanta ba.

Yaya Google yake aiki?

An kafa kamfanin Google a Amurka a shekarar 1998. Aikinsa kamar na magatakarda ne mai babban littafi. Na'urorinsa suna bin shafukan intanet dare da rana, suna karantawa, suna ajiye kalmomin da suka gani. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema, sai Google ya duba littafinsa, ya jera masa shafukan da suka fi dacewa. Mutane kaɗan ne suke wuce jerin farko.

Google ba ya ɗanɗana zuma, ba ya kuma ɗaga buhu ya ji nauyinsa. Abin da aka rubuta shi yake dogara da shi. Ku lura kuma, saƙon da muka tura a WhatsApp ba ya shiga wannan littafi, haka ma rubutun da aka sa a rufaffen zaure na Facebook. Dole ƙungiya ta sami buɗaɗɗen shafi wanda kowa zai iya gani. Buɗe shafin ƙungiya a Facebook kyauta ne, sa sunan sana'a a taswirar Google ma kyauta ne.

Matakai bakwai na rubutu

1. Ku yi amfani da kalmomin mai saye. Ba wanda zai nemi sunan ƙungiyarmu tun da bai taɓa jinsa ba. Abin da zai rubuta shi ne "farar masara", "zuma" ko "waken soya". Ku tambayi fatake a kasuwa yadda suke kiran kayan, ku rubuta haka.

2. Ku sa sunan kaya da sunan wuri a kan magana. "Albishirinku jama'a!" bai gaya wa kowa kome ba. "Farar masara ta sayarwa a Birnin Gwari, Jihar Kaduna" ya faɗi kome. Kada ya yi tsawo, domin Google yakan yanke kan maganar da ya wuce haruffa kamar 60. Ku rubuta sunan garin cikakke, kada ku taƙaita shi zuwa "B/Gwari" kamar yadda muka saba a wasiƙa.

3. Ku amsa tambayoyin mai saye tun bai yi su ba. Wane iri ne? Girbin wace shekara? Buhu mai kilo nawa? Ta bushe sosai? An sa mata maganin ƙwari? Masu haɗa abincin kaji suna kula da bushewa ƙwarai, domin masara mai danshi takan yi fumfuna. Idan kun auna danshinta ya kai kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, ku rubuta.

4. Ku rubuta da Hausa da Turanci. Mai saye daga Legas ko Ibadan da Turanci zai nema. Ku nemi malamin makaranta ko wani matashi ya taimaka. Kada kuma ku raina Hausa: tun shekarar 2024 ana iya yi wa Google tambaya da baki cikin Hausa, har wanda bai iya rubutu ba yana iya nema.

5. Ku sa hoto na gaskiya, ku rubuta bayani a ƙarƙashinsa. Hoton masara a tafin hannu ya fi hoton shugabannin ƙungiya amfani ga mai saye.

6. Kada ku kwafi rubutun wasu, kada kuma ku cika shafi da maimaita kalma ɗaya. A dā wasu sukan rubuta kalma sau hamsin domin su yaudari na'ura. Tun shekarar 2011 Google ya gyara tsarinsa yadda shafukan da aka kwafa da waɗanda ba su da amfani suke komawa baya.

7. Ku sa kwanan wata, ku riƙa sabuntawa. Idan kaya sun ƙare, ku faɗa. Ku roƙi wasu ƙungiyoyin da suka san ku su ambaci shafinku a nasu. A wurin Google wannan kamar shaida ne, kuma shaidar mutanen kirki tana ɗaga daraja.

Ga misali

Wata ƙungiya za ta iya rubuta: "Muna da kaya masu kyau da araha, ku zo ku saya." Wannan bai taimaki kowa ba. Ga yadda ya kamata: "Mu ƙungiyar mata manoma ce a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, Jihar Kaduna. Muna sayar da farar masara, girbin bana, a buhu mai kilo 100. An shanya ta a kan leda, an sheƙe ta, babu tsakuwa. Ana haɗuwa a kasuwar Birnin Gwari a duba kaya kafin a biya."

Abin da ba za mu rubuta ba

Wannan sashe ya fi sauran muhimmanci. Abin da mai saye ya karanta, mugu ma zai karanta. Mu da muke zaune a gefen dajin Kamuku mun san abin da labari yake jawowa idan ya faɗa kunnen da bai kamata ba. Saboda haka:

Kada ku rubuta sunan ƙauyen da rumbu ko sito yake.
Kada ku faɗi yawan buhunan da kuka tara, ko kuɗin da kuka samu.
Kada ku faɗi ranar da mota za ta ɗauki kaya, ko hanyar da za ta bi.
Kada ku sa hoton gidaje, yara ko fuskokin membobi.
Ku yi amfani da lambar waya ɗaya ta ƙungiya, ba ta mutum ɗaya ba.

Ku yi hankali da 'yan damfara kuma. Saƙon da ya ce kuɗi sun shiga ba shi ne kuɗi ba. Ma'aji ya tabbatar a asusun ƙungiya kafin a saki kaya. Duk wanda ya ce ku biya shi zai sa ku a sahun farko na Google cikin kwana biyu, ku guje shi. Sabon shafi yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin a fara ganinsa.

Kada mu manta cewa a ƙarshen watan Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankinmu saboda tsaro, har kusan wata biyu. Don haka sakatare ya riƙa rubuta sunayen masu saye da lambobinsu a littafi. Intanet ƙari ne a kan kasuwa, bai maye gurbinta ba.

Rubutu mai kyau zai kawo mai saye sau ɗaya. Abin da zai dawo da shi shi ne ya tarar da ƙasan buhu daidai da samansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a intanet ƙorafin mutum ɗaya dubbai suke karanta shi.

Tambayoyi don tattaunawa a taron ƙungiya

1. Wane kaya muke da shi da mutanen birni suke nema?
2. Waɗanne tambayoyi fatake suka fi yi mana?
3. Wa zai riƙe wayar ƙungiya, wa kuma zai duba rubutu kafin a sa shi?
4. Wane bayani ne muka yarda ba zai taɓa fita ba?