Shirin Musamman: Harajin Ciniki a Amurka, Amana a Hannun Ɗan Kasuwa

Yau shirinmu zai leƙa kantunan Amurka, inda kuɗin da aka rubuta a jikin kaya ba shi kaɗai mai saye ke biya ba. Sai ya isa wurin biya sannan a ɗora masa haraji.

Gwamnatin tarayya ba ta da hannu a wannan haraji, saɓanin VAT na Najeriya. Hurumin jihohi ne. Jihohi 45 da babban birnin ƙasar suna karɓa. Alaska da Delaware da Montana da New Hampshire da Oregon kuwa ba su da shi a matakin jiha. Kalifoniya ke kan gaba da kashi 7.25 cikin ɗari, Kolorado tana karɓar 2.9 kacal.

Gundumomi da birane kuma suna ɗora nasu. A birnin New York jiha na da kashi 4, birni 4.5, ga ɗan ƙari don sufuri, jimla 8.875. A Texas na jiha 6.25 ne, ƙarin ƙananan hukumomi ba ya wuce kashi 2. Shi ya sa kantuna biyu da iyakar gunduma ta raba suke karɓar haraji daban.

Nauyin karɓa yana wuyan mai kanti. Sai ya yi rajista da hukumar harajin jiha kafin ya fara ciniki, ya riƙa ajiye lissafi, ya miƙa kuɗin duk wata ko duk wata uku, gwargwadon girman cinikinsa. Wanda ya sari kaya don sayarwa yakan nuna takardar sari, a ɗauke masa harajin har kayan su kai hannun mai amfani da su.

Masu sayarwa ta intanet ma doka ta iso su. A 2018, a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, Kotun Ƙoli ta ce jiha na iya tilasta wa ɗan kasuwar da ba shi da shago a cikinta ya karɓa mata haraji. Dokar Dakota ta Kudu ta ɗora haka a kan wanda cinikinsa a jihar ya haura dala 100,000 a shekara.

'Yan'uwanmu masu kasuwanci a can, kuɗin harajin nan ba riba ba ne, ajiyar gwamnati ce. Wanda ya cakuɗa shi da jari ya kashe, jiha za ta bi shi da tara, ko da ya rufe kamfanin. Ku ware shi tun ranar ciniki, ku biya a kan lokaci.