Kuɗin Hannunki, Maganarki a Gida

Ƙarfe biyu na dare, zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, maigida ya yi tafiya kuma wayarsa a kashe. Uwargida, wa zai ce a fita? A shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Sakkwato, na lura mai ɗan abinta ɗaure a bakin zane ita ke riga kawo ɗanta asibiti. Wadda ba ta da ko sisi sai ta jira gari ya waye, ta nemi izini, ta nemi kuɗin mota.

Kada ki ɗauka girman gida ke raba wannan. Kin san yadda muke auna asali: gidan sarauta da na malamai a sama, mahauta da majema da maƙera kuwa har yau wasu na ƙyamar ba su aure. Amma shiga ɗakin matar mahauci. Tana cikin kulle, tana dama fura ko suyar ƙuli-ƙuli, tana zubin adashi, ciniki na shigo mata kullum. In ta ce a kai yaro asibiti, mijin bai cika musu ba, don ya san ita ke cike giɓin cefane ranar da kasuwa ta ƙi. Sai dai sau da yawa 'yarta ke biyan farashin, da farantin talla a ka lokacin da sa'o'inta ke aji. Wannan yana ci mini rai.

A babban gida kuma ana iya hana mace sana'a, wai kada a ce an kasa riƙe ta. Ga sutura, ga gwal, amma ko maganin dubu biyu sai ta tambaya.

Mu masu albashi fa? Namu kowa ya san ranar shigarsa. Na san abokiyar aiki da katin ATM ɗinta ke aljihun mijinta, na san wadda tun da ta fara aiki aka sakar mata kuɗin makarantar yara. A shari'a dukiyar mace tata ce, ci da tufafi da muhalli kuma suna kan miji ko da ta fi shi samu. In kika taimaka, kyauta kika yi, kuma ya kamata a san da haka tun albashin farko.

Ko nawa kike samu, ware na asibiti daban, inda hannunki zai kai cikin dare ba tare da kin tashi kowa ba.