Wane ne Ke Tabbatar da Zaɓen Shugaban Ƙasa, Kuma Yaushe?

Duk mai son ya yi kirdadon ko za a tabbatar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kan wa'adinsa, wajibi ne ya fara sanin hannun da shari'a ta danƙa wa wannan amana, domin ƙasashe sun saɓa a cikin al'amarin. A Amurka majalisar dokoki ce ke zama ran 6 ga Janairu ta ƙirga ƙuri'un wakilan jihohi, kuma a 2021, da magoya bayan Trump suka kutsa cikin zauren, ba a kammala ba sai da asubahin kashegari.

Amma a Nijar, lokacin da tsarin mulkin 2010 yake aiki, hukuncin na Kotun Tsarin Mulki ne. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ran 21 ga Fabrairu 2021, hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana sakamakon wucin gadi bayan kwana biyu, ɗan takara Mahamane Ousmane ya ƙi amincewa, sannan kotu ta tabbatar da Mohamed Bazoum ran 21 ga Maris, aka rantsar da shi ran 2 ga Afrilu.

Saboda haka mai hasashe a Agadas ya lura da abu uku: nisan da takardun Bilma da Iferwan za su ratsa kafin su isa Yamai, da yawan ƙararrakin 'yan takara, da kuma zaman lafiyar ƙasa, wanda in ya gushe, kamar a juyin mulkin ran 26 ga Yuli 2023, wa'adin kansa ya faɗi tare da dokar da ta gindaya shi.