Talabijin Ɗaya, Hanyoyi Biyu: Eriya Ta Farfaɗo a Ƙauyukan Lafiya

LAFIYA — Matafiyin da ya bi hanyar Lafiya zuwa Shendam, ya ratsa ta Ashige da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, idan ya ɗaga kai zai ga abubuwa iri biyu a bisa rufin gidaje da shaguna. Na farko shi ne faifan kama tauraron ɗan'adam, wanda aka fi sani da dish. Na biyu kuwa ita ce eriya, a ɗaure bisa doguwar gora ko bututun ƙarfe. A shekarun baya an ɗauka cewa zuwan faifan ya kawo ƙarshen eriya, har wasu magidanta suka sauke tasu suka jingine a bayan ɗaki. Amma tsadar kuɗin wata na tashoshin biya ta sa lissafin ya sake, ta yadda tambayar da masu haɗa dish ke yawan ji yanzu ita ce: yaya za a haɗa hanyoyin nan biyu a akwatin talabijin guda?

Tambayar ta fi ƙarfin sha'awar kallo kawai. Ta shafi aljihun magidanci, da ribar mai gidan kallon ƙwallo, da kuma ɗan kasuwar da ke son tallarsa ta isa kunnen manoman doya, rogo, shinkafa da riɗi na wannan yanki.

Yadda Aka Zo Nan

Idan za a iya tunawa, talabijin ta fara a Nijeriya ne a Ibadan ran 31 ga watan Oktoba na 1959, sa'an nan Kaduna ta samu tata a 1962. Yankin Lafiya kuwa, da yake yana cikin tsohuwar Jihar Binuwai-Filato, daga baya kuma Jihar Filato, idonsa ya daɗe yana kallon Jos, inda gidan talabijin na jihar ya kafa tarihin fara watsa shirye-shirye masu launi a 1975. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. A duk tsawon wannan zamani babu wata hanyar kallo sai eriya, kuma babu wanda ke biyan kuɗin wata ga wani kamfani.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ita ce ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar shiga harkar. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya shigo Nijeriya a 1993, ya kuma ƙaddamar da DStv a 1995. Shekara guda bayan haka, ran 1 ga watan Oktoba na 1996, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni, jihar ta kafa hukumar watsa labaranta ta NBS, ita ma NTA ta buɗe tasha a garin. Ke nan kusan lokaci guda tashar gida ta matso kusa da jama'a, tashoshin waje kuma suka fara sauka daga sama.

A farko kallon tauraron ɗan'adam harka ce ta masu hannu da shuni. Abin ya sauko wa talaka ne a 2010, lokacin da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin ya fara aiki da haɗin gwiwar NTA, da kuma 2011 da MultiChoice ya fito da GOtv. Bugu da ƙari, dikodojin kyauta da ba a biya musu kuɗin wata suka cika kasuwa, musamman bayan da tashar Arewa24 mai watsa shirye-shiryen Hausa zalla ta fara aiki a 2014.

Ma'anar Kebul a Nan Gida

Ya kamata a fayyace wata kalma. A Amurka, inda harkar ta samo asali a 1948, kebul na nufin waya ce da kamfani ke ja har cikin gida. Abin sha'awa shi ne, ita kanta wannan harka daga eriya ta faro: mazauna garuruwan da duwatsu suka kāre ne ke kafa babbar eriya guda bisa tudu, a rarraba wa gidaje ta waya. A Nijeriya kuwa, abin da jama'a ke kira kebul shi ne duk tashoshin da ake biya wa kuɗi, ko ta wace hanya suka iso.

Saboda haka a gari irin Ashige hanyoyin kallo huɗu ne. Akwai faifan tauraron ɗan'adam na biya, kamar DStv. Akwai faifan kyauta. Akwai eriyar biya, domin GOtv da wani sashe na StarTimes daga hasumiyar ƙasa suke watsawa, ba daga sama ba. Sa'an nan akwai eriyar kyauta, wadda ke kama tashoshin da ke watsawa a fili. Ƙarfin abin da kowace eriya za ta kamo ya danganta ne ga nisanta da hasumiya, da tsawon sandarta, da kuma ko akwai tudu ko manyan itatuwa a tsakani.

Lissafin Aljihu

Abin da ya mayar da hankalin jama'a ga eriya shi ne farashi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, kamfanonin talabijin na biya sun yi ta ƙarin kuɗi, suna kafa hujja da hauhawar farashin kayayyaki da tsadar kuɗin waje. A ƙarin da MultiChoice ya yi a watan Maris na 2025, babban tsarin DStv ya tashi daga naira 37,000 zuwa naira 44,500 a wata, tsarin Compact daga naira 15,700 zuwa 19,000, GOtv Max daga 7,200 zuwa 8,500, GOtv Jolli kuma daga 4,850 zuwa 5,800. Lamarin ya kai ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya ta shiga tsakani, har aka dangana ga kotu.

A wancan farashi, magidancin da ya biya Jolli wata goma sha biyu ya kashe naira 69,600, wato kusan daidai da mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Shi kansa kamfanin ya bayyana a rahotonsa cewa ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Nijeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025.

Ga manomi kuwa matsalar ta fi ta ma'aikaci. Kuɗinsa ba wata-wata suke shigowa ba. Da kaka suke zuwa, su yi ƙaranci da damina sa'ad da taki da maganin ciyawa da ladan 'yan ƙwadago suka cinye abin da ke hannu. Kamfani kuwa ba ya duba kaka ko damina: ranar da kuɗi suka ƙare, akasarin tashoshi kan rufe. Gidan da ya sauke eriyarsa sai ya zauna da akwati ba hoto. Wanda ya bar tasa kuwa, danna rimot kawai zai yi ya koma tashoshin gida. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hanyoyin Haɗawa

Aikin haɗawar ba shi da wuya, kuma hanyoyinsa huɗu ne.

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce a bai wa kowace na'ura ƙofarta. Wayar eriya ta shiga zagayayyen ramin da ke bayan talabijin, dikoda kuma ta shiga ta wayoyin nan uku masu launin ja da fari da rawaya, ko ta ƙofar HDMI a sababbin talabijin. Daga nan sai a riƙa sauyawa da rimot. Ba a bukatar sayen komai in ban da waya.

Ta biyu ta shafi tsofaffin akwatuna masu ƙofa ɗaya tak. Dikodoji da dama suna da ramin shigar eriya da na fitarta, don haka sai a bi da wayar eriya ta cikin dikoda, ta wuce zuwa talabijin. In dikodar ba ta da wannan, akwai ɗan makunni mai baki biyu da ake sauyawa da hannu.

Ta uku ita ce ta masu son waya guda ta sauko daga rufi, kamar masu masauki ko gidaje masu ɗakuna da yawa. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, saƙonnin biyu ba a zango ɗaya suke tafiya ba. Na eriya ba ya wuce megahaz 862, shi kuwa na tauraron ɗan'adam, bayan kan faifan ya sauya shi, yana tsakanin megahaz 950 ne zuwa 2,150. Sai a sa 'yar mahaɗa ta musamman a sama ta gama su, a sa wata irinta a ɗaki ta raba su. A nan ne ake yawan kuskure, domin wasu kan yi amfani da marabar waya ta gama-gari. Ita wannan tana rage ƙarfin saƙo da kimanin rabi, kuma wata ba ta barin wutar bolt 13 ko 18 da dikoda ke aika wa kan faifan ta wuce, sai hoto ya ɗauke a ɗora wa dikoda laifi.

Ta huɗu ita ce dikoda mai baki biyu, wadda ke karɓar faifai da eriya a lokaci guda, ta jera tashoshin duka a wuri ɗaya. Mai saye ya duba ko an rubuta DVB-T2 da DVB-S2 a jikin kwalin. Na farko na eriya ne, na biyu na tauraron ɗan'adam.

Akwai wata fa'ida da ba ta shafi kuɗi ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ake tafka ruwa a yankin Lafiya, hadari mai nauyi kan tare saƙon tauraron ɗan'adam, alhali eriya ba ta cika damuwa da ruwan sama ba. Sai dai doguwar sanda tana jawo tsawa, don haka wajibi ne a ja mata wayar ƙasa, a nisanta ta da wayoyin lantarki, a kuma zare ta daga talabijin idan hadari ya taso.

Abin da Ya Shafi 'Yan Kasuwa

Ga mai gidan kallo, ƙwallon Turai ita ce jarinsa, kuma ba shi da makawa sai ya biya. Amma wasa ba kullum ake yi ba, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta manyan gasannin ƙungiyoyin Turai kan tafi hutu. Faifan kyauta da eriya su ne ke riƙe masa masu shan shayi da masu cajin waya a irin wannan lokaci, ba tare da ya biya babban tsari a banza ba.

Ga masu haɗa dish da masu sayar da kayan lantarki, wannan kasuwa ce da ba ta bukatar babban jari: waya, mahaɗa, eriya, sanda da ladan aiki. Samuwar wuta ita ce ginshiƙin kasuwar. Buɗe babbar tashar rarraba wutar lantarki ta Akurba a bakin Lafiya a watan Fabrairu na 2022, da kuma yaɗuwar ƙananan na'urorin hasken rana waɗanda ke iya ɗaukar talabijin da dikoda, sun ƙara yawan gidajen da ke iya kunna akwati da dare.

Babban abin dubawa kuwa shi ne talla. Dillalin taki ko mai injin casar shinkafa a Lafiya ba ya bukatar mutanen Legas su ji shi. Manomin Ashige da Assakio yake nema. Tashar da za ta kai shi can da kuɗi kaɗan ita ce tashar gida, wadda kuma ita ce ke ɗauke da sanarwar rabon taki, da ta rigakafi, da ta zaɓen ƙananan hukumomi. Duk eriyar da aka sauke, mai kallo ɗaya ne tashar gida ke iya rasawa, mai talla kuma ya rasa mai saye.

Alkawarin da Bai Cika Ba

Makomar eriyar kyauta tana rataye ne ga shirin komawa tsarin dijital. A yarjejeniyar Geneva ta 2006, ƙasashen wannan sashe na duniya sun amince su kammala sauyin kafin ran 17 ga watan Yuni na 2015. Nijeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, ya wuce; na 2015 da na 2017 su ma suka wuce. An yi gwajin farko a Jos ran 30 ga watan Afrilu na 2016 da sunan FreeTV, aka bi da Abuja a Disambar wannan shekara, sai Ilorin da Kaduna a 2017, Enugu da Osogbo a 2018, Legas da Kano kuma a 2021. Lafiya kuwa ba ta cikin wannan jeri. A 2025 hukumar NBC ta bayyana sabon tsari tare da kamfanin NIGCOMSAT, wanda ya fi karkata ga isar da tashoshin kyauta ta tauraron ɗan'adam.

Amfanin tsarin dijital a bayyane yake: zangon da a da ke ɗaukar tasha guda zai iya ɗaukar tashoshi fiye da goma, da hoto garau. Amma yana da sharaɗi, domin tsohuwar talabijin ba za ta kama shi ba sai da dikoda, kuma a wurin da saƙo ya yi rauni, maimakon hoto mai yayyafi da aka saba haƙuri da shi, ɗaukewa yake yi ɗungurungum. Wannan ya sa ƙauyukan da ke nesa da hasumiya su ne za su fi jin jiki idan ba a yi shirin da su ba.

Kafin hukumomi su kammala nasu aikin, shawarar da ta fi dacewa ga magidanci da ɗan kasuwa ita ce: wanda zai sayi sabuwar talabijin ko dikoda ya nemi mai karɓar hanyoyin biyu, wanda kuma ke da eriya a bisa rufi kada ya yi gaggawar sauke ta. Da tsohuwar zuma ake magani.