Ɗakin Tumaki Na Katako: Yadda Za Ka Kafa Shi

Ya kai manomi, tumakinka su ne asusunka. Da su kake layya da suna, su kake kaiwa kasuwar Warra ko ta Yauri in matsi ya zo. Amma da yawa daga cikinmu a jikin turke muke barinsu su kwana cikin caɓi, damina ta wuce mu tarar garke ya ragu.

Me Ya Sa Laima Ke Kashe Tumaki?

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan tafki yakan cika ya janye kowace shekara, ya bar ƙasa a jiƙe a garuruwan bakin ruwa. Tunkiya kuwa dabbar tudu ce. In ta daɗe a tsaye cikin laka da fitsari, kofatonta yakan ruɓe ta soma ɗingishi. Ƙwayayen tsutsar ciki suna fita cikin kashi, su ƙyanƙyashe a wuri mai damshi, dabba ta sake cinye su tare da abinci. 'Ya'yan tumaki kuma sanyin ƙasa ke jawo musu mura da ciwon huhu. Maganin abin shi ne ka ɗaga su daga ƙasa. Manoman tsibirin Jaba a Indunusiya, inda ruwan sama ya fi namu yawa, da haka suka daɗe suna kiwo.

Zaɓen Wuri

Nemi tudu, sama da inda ruwa yakan tsaya a shekarar da ya fi cika. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta yi ta dukan cikinsa. Ya zama kusa da gida yadda za ka ji motsi da dare.

Kayan Aiki

Gara ita ce abokiyar gābar katako. Saboda haka yi dirkoki da ƙirya ko azarar giginya. Ka shafe gindinsu da baƙin mai kafin ka kafa, ko ka ɗora su a kan dutse ko bulo. Kafintan da ya iya harhaɗa jirgin katako zai iya wannan aiki.

Yadda Ake Kafawa

1. Girma: tumaki 10 suna bukatar ƙafa 16 a tsawo, ƙafa 10 a faɗi. Kada ka cusa fiye da haka.

2. Daɓe: ɗaga shi ƙafa 3 daga ƙasa. Jera katakai masu faɗin inci 2 zuwa 3, kaurin inci 1, ka bar tsakani na rabin inci da ɗan ɗoriya. Nan ne aikin yake. In tsakanin ya matse, kashi ba zai zuba ba. In ya yi faɗi, ƙafar ɗan tunkiya za ta faɗa ta karye. Yanki guntun katako guda ka riƙa gwadawa da shi tun daga farko har ƙarshe. Kada ka bar kan ƙusa a waje.

3. Bango: ƙafa 4 ya isa, sauran a bar shi a buɗe iska ta ratsa. Gefen gabas da arewa ka toshe da zana, don ta nan hadari da hunturu ke bugowa.

4. Rufi: ya kai ƙafa 7 daga daɓe, bakinsa ya zarce bango da ƙafa 2. Jinka ta fi sanyi da araha. In kwano ka sa, shimfiɗa zana ko kara a ƙarƙashinsa.

5. Matakala: yi ta da faffaɗan katako mai ɗan gangare, ka buga ƙananan sanduna a gicciye don kada su zame.

6. Komi: maƙala shi ta wajen bango, su riƙa zuro kai suna cin harawa da dusa ba tare da sun tattake ba.

Ware ɗan ɗaki a gefe guda don mai haihuwa, ka shimfiɗa mata ciyawa. Ragon da kake kiwatawa ma a raba shi da mata. Wadda ba ta da lafiya, ko wadda ka sayo sabuwa, a ajiye ta daban har mako biyu ko uku.

Ribar Da Ke Ƙarƙashi

Kashin da ke zuba ƙasa taki ne. Kwashe shi kowane mako, ka tara a inuwa ya ruɓe, ka kai gonar albasa ko ta masara. Ka rage kuɗin takin zamani ke nan.

Ka Tuna

Ɗaki ba ya hana ciwon hanta, don a fadama dabba ke ɗauko shi, inda ƙananan dodon koɗi suke. Ka rage kai su kiwo cikin dausayi, ka ba su maganin tsutsa da na hanta, ka kuma kai su allurar rigakafi. In ba ka da ƙarfin yin babba, fara da na tumaki 4, baɗi ka ƙara. Don ƙarin bayani, tuntuɓi Malamin Gona ko Malamin Dabbobi na yankinku.