Riba Tasu, Asara Tamu: Hattara da Kukan Kamfanonin Gas da Wuta

Duk ranar da kuka ji kamfanin gas ko na wutar lantarki ya fito yana kukan cewa in ba a ƙara farashi ba zai durƙushe, to ku riƙe aljihunku da kyau. Wata muguwar ɗabi'a ce ke bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya: lokacin daɗi masu hannun jari su raba riba a tsakaninsu, lokacin wuya kuma a ce jama'a su taru su biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya faru a Jamus a 2022 ya ishi mai hankali. Kamfanin Uniper, wanda a lokacin Fortum na ƙasar Finlan ke da mafi yawan hannun jarinsa, shi ne a lokacin kan gaba wajen shigo da iskar gas daga Rasha. Ya yi shekaru yana sayen gas mai araha daga kamfanin Gazprom na Rasha, har ya zuba kuɗi a aikin bututun Nord Stream 2, alhali masu gargaɗi sun yi ta cewa dogaro da mai sayarwa guda haɗari ne. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke, Gazprom ya rage gas ɗin da ke bi ta Nord Stream 1 zuwa kashi 40 cikin 100 a watan Yuni, ya mai da shi kashi 20 a Yuli, daga bisani ya rufe gaba ɗaya. Uniper kuwa ya riga ya yi wa garuruwa da masana'antu alkawarin gas a tsohon farashi, dole ya shiga kasuwa ya saya da ɗan karen tsada. Cikin wata tara asarar da ya bayyana ta kai kusan yuro biliyan 40.

To wa zai biya? Ministan tattalin arziki na lokacin, Robert Habeck, ya kawo shawarar a ɗora wa kowane mai amfani da gas harajin santi 2.419 a kan kowane kilowat na sa'a, daga 1 ga Oktoba. Wato matar da ke ɗumama ɗakinta a hunturu, wadda ba ta taɓa ganin ƙwandala daga ribar Uniper ba, ita za ta cike gurbin. Abin da ya ƙara harzuƙa mutane shi ne da aka gano cewa cikin kamfanonin da suka miƙa ƙoƙon bara har da waɗanda ke cin riba lafiya lau. Jaridu da 'yan majalisa suka yi caa, kuma a ƙarshen Satumba gwamnatin Olaf Scholz ta soke harajin tun bai fara aiki ba. Kuɗin jama'a dai sun shiga, amma ba kyauta ba: gwamnati ta karɓe kusan kashi 99 na kamfanin, Fortum ya fita da asara mai nauyi. Wannan shi ne adalci mafi ƙaranci, kuma sai da aka yi hayaniya aka same shi.

A Birtaniya ma kamfanonin sayar da gas da wuta kusan talatin suka rushe daga 2021, ciki har da Bulb, aka watsa kuɗin gyaran ɓarnar cikin takardun biyan kowane gida.

Kada wani ya ce labarin Turai ne. Mafi yawan wutar Najeriya da gas ake samar da ita. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin gas na tashoshin wuta daga dala 2.18 zuwa 2.42, sai hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta cilla kuɗin wutar rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, Babban Bankin Najeriya ya tallafa wa harkar da naira biliyan 213, aka sake ware biliyan 701 a 2017. Duk da haka a 2022 sai da masu bin bashi suka karɓe ragamar na Kano da Kaduna da Benin. Har yau ga gidaje birjik babu mita, ana kawo musu bil na ƙiyasi, unguwa kuma ta yi karo-karo ta gyara taransifoma da ba tata ba.

Ba na musun cewa gas na tsada, ko cewa kamfani na iya shiga matsi na gaskiya. Abin da nake ƙi shi ne a yi ƙari a kan maganar baki. Mai neman ƙari ya buɗe littattafansa a gani: nawa ya ranto, me ya yi da su, nawa ya raba wa masu hannun jari, nawa shugabanninsa ke ɗauka. In kuma za a ceto shi da kuɗin baitulmali, masu shi su fara ɗanɗana asarar, gwamnati ta karɓi hannun jari daidai abin da ta zuba.

Ƙungiyoyin ƙwadago, masu masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, 'yan jarida, da ku 'yan majalisa: in an kira zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙarin farashi, ku je, ku nemi takardun binciken kuɗin kamfanin a rubuce, kuma kada ku amince da ƙarin ko kwabo kafin a ajiye su a gabanku.